Ranar da Na Bi Sawun Jinin 'Yata Har Dutse

Ko zan manta komai a rayuwata, ban ga abin da zai mantar da ni ranar da matan garinmu suka tura ni Dutse in gano musu inda ake kai jinin 'ya'yansu ba.

Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu a yankin Miga, allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuma ta fara zuwa wajenmu. Allurar babu wadda ta yi gardama a kanta, don mun gaji da binne yara duk damina. Ni kaina zazzaɓin ne ya ɗauke mini ɗan fari. Abin da ya tada ƙura shi ne ɗibar jini. Yaran da iyayensu suka amince, har da 'yata, akan zo lokaci-lokaci a ɗebi kaɗan a hannunsu, wai don a ga ko allurar ta kama jiki.

A wajenmu kuwa jinin mutum ba abin yarwa ba ne. Wanzami ya gama ƙaho, sai ya tona rami ya rufe. Mace ta haihu, a binne mabiyiya. Tsoron shi ne ya faɗa hannun mugu, ya haɗa shi da sunan mai shi da na uwarsa, ya yi aika-aika. Uwar mijina, wadda duk gari ke kira Iya, ita ta tare ni a tsakar gida.

"Ke da kika yi boko, gaya mini. Wannan jinin, ina suke binne shi?"

Na ce mata ban san inda ake kai shi ba. Ta ce to in masu ɗibar sun dawo, babu yaron da zai sake miƙa hannu. Maganar Iya kuwa mata ba sa tsallake ta. Da ma'aikatan lafiyar suka ji, suka ce ba za su tilasta wa kowa ba, amma ɗiba ɗaya ta rage, in babu ita wahalar baya ta tashi a banza. Suka ce a ba su mutum ɗaya ya je ya gani da idonsa. Ba a ja zance ba aka nuna ni, don kowa ya san halina. Maigidana yakan ce ko rediyo ce ta lalace a gidan, sai na leƙa cikinta kafin mai gyara.

Da na isa Dutse, na shiga ɗakin gwajin jinin da zaton zan tarar da jini ja-jawur a kwalabe. Sai na tarar da sanyi da tsit, ga wata ma'aikaciya 'yar Filato cikin farar riga tana mini dariya.

"Malama, sannu da hanya. An ce ke ce mai tambaya. To bisimilla, yau sai kin gaji."

Ban gaji ba. Ta nuna mini injin da ke juya jini da gudu har jan ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai kalar man gyaɗa ya taso sama. Ta ce a cikin ruwan nan sojojin da jiki ya ƙera bayan allura suke. Na kanga shi a haske na ƙura ido, ban ga ko kurtu ɗaya ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sannan ta ɗauko wani ɗan faranti na roba mai ramuka jere-jere, kamar tandar waina amma bai fi tafin hannu ba. An shafa wa gindin ramukan ɗan ɓurɓushin abin da ke jikin ƙwayar cutar. In aka ɗiga ruwan jinin yaro, sojojin da suka gane abokin gaba sai su manne masa, sauran kuma a wanke su. Haka ta wuni, ta ɗiga, ta jira, ta wanke, ta sake ɗigawa. Na yi azahar na dawo, farantin yana nan fari fat. Har na fara tunanin abin da zan ce wa Iya.

Can ta ce in matso. Ta ɗiga wani ruwa mara kala, muka zuba ido. A hankali ramukan suka fara yin shuɗi, wannan ya riga wancan, wasu har suka yi kamar an jiƙa bula. Ta ƙara wani ɗigon, duk suka rikiɗe zuwa ruwan ɗorawa. Na yi salati da ƙarfi, har wani ma'aikaci ya leƙo.

"Wanda ya fi kala ya fi sojoji," in ji ta. "Inji zai auna mana zurfin kalar. Amma sojojin sukan ragu da tafiyar watanni. Shi ya sa muke son ɗibar ƙarshe, mu san lokacin da ya kamata a ƙara wa yara allura."

Sai a lokacin na lura wasu ramukan sun yi dishi-dishi. Duk son sanin nan nawa ya tattare ya koma tambaya ɗaya.

"Sista, don Allah wanne ne na 'yata?"

"Ban sani ba, Malama."

Na faɗa mata sunan yarinyar, na ƙara da nawa. Ta girgiza kai. Ta ce tun a asibitin ƙauye ake cire suna a sa lamba. Wanda ya san suna ba ya auna jini, mai auna jini kuma bai san suna ba, don kada son rai ya shiga aikin. Ragowar jinin ma da ke cikin firiza lamba ce a jikinsa, in an gama kuma a ƙone. Na roƙa, na yi fushi, har na ce mata ita ba ta taɓa binne ɗa ba. Ta bar ni na gama, ta ce, "Na taɓa. Wallahi da ina sanin jinin wa nake aunawa, da ban iya aikin ba."

Na komo gida da ɓacin rai, ina ganin na gaza. Mata suka cika tsakar gidan Iya, na zayyana musu komai, ban ɓoye maganar ƙonawa ba. Da na zo kan suna, cikin ƙorafi na faɗe shi, na ce mutanen nan ko ni uwa sun kasa nuna mini jinin 'yata.

Iya ta ɗago kai. "Kin faɗa mata sunanta?"

"Na faɗa, Iya."

"Da naki?"

"Har da nawa."

"Kuma ba ta gano shi ba?"

Na ce ba ta gano ba. Iya ta gyara mayafinta. "In uwar da ta haife ta ta tsaya a kan jinin ta kira sunanta bai amsa ba, wane mugu ne zai kira ya amsa? Ku kai yaran."

Ranar ɗibar ƙarshe, Iya da kanta ta goyo 'yata zuwa asibiti.

Har yau ban san ko ramin yarinyar nan a farantin mai kala ne ko mai dishi-dishi ba, kuma abin yakan yi mini ciwo. Saboda rashin sanin, babu daren da na bar ta ta kwana ba a gidan sauro ba, ban kuma daina yi wa maƙwabta naci a kan nasu yaran ba. Ni da na ɗauka kowace tambaya sai na samo amsarta, a ranar na koyi cewa wata amsar, hana ka ita da aka yi shi ne gatan da aka yi wa ɗanka.