Inna Mai Duhu Ta Ajiye Fitila

Shekara ashirin da shida, kafin ta taɓa komai a ɗakin da aka kashe mutum, sai ta toshe tagogi da baƙin ƙyalle. Shi ya sa abokan aikinta a sashen binciken laifuka suke tsokanarta da Inna Mai Duhu. Takan fesa magani a ƙasa, ta saka tabarau, ta haska wata fitila ta musamman. Duk inda jini ya taɓa zuba, ko an wanke, sai ya yi haske kore-kore.

Makon jiya ta yi ritaya. Ko kujera ba a jera mata ba don bikin sallama. Abin ya ƙona mini rai!

Ku tambayi mai gadin nan da aka ɗora wa kisan maigidansa a wani kantin kayan gini. Wata takwas yana tsare, ana shirin yanke masa hukunci. Jami'an da suka fara zuwa sun bari an wanke kantin tas, wai wari ya dami maƙwabta. Da Inna ta nemi a koma kantin, shugabanta ya daka mata tsawa.

"Hajiya, me za ki gani? An goge komai!"

"Ranka ya daɗe, ƙasa suka goge," in ji ta. "A ina mai gogewar ya wanke hannunsa?"

Haka take aiki. Kowa yana kallon inda gawa ta kwanta, ita tana neman famfo. Ta hau bene, ta fesa a kan famfon banɗakin ofis, inda abokin kasuwancin mamacin kaɗai ke da makulli. Famfon ya yi haske. Gwaji ya nuna jinin mamacin ne. Aka saki mai gadi, shugaba kuma ya gyara hula ya yi wa 'yan jarida bayani, ko ambatonta bai yi ba.

Inna, ke ce kika durƙusa har gwiwoyinki suka lalace, wasu suka sha tafi. Ba su ji kunya ba.

Ranar da ta tafi, mutum ɗaya ne ya jira ta a bakin ƙofa: mai gadin, riƙe da hannun 'yarsa.

"Gaida Inna," ya ce wa yarinyar. "Ita ta dawo miki da ni."

Mun gode, Inna. Ku kuma da ta bari a ofis, kafin ku sa hannu a takardar da za ta halaka bawan Allah, ku hau benen tukuna.