Duwatsun Baffa a Mashigar Rafi

Jiya muna aikin gayya a tsohon burtalin da ke ɓullewa Safana, fartanyata ta daki dutse, sai na tuna Baffa, ƙanen mahaifina. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Kullum in zai je gona sai ya saɓo dutse ɗaya a kafaɗa, ya jefa a mashigar rafin hanyar. Har yanzu ina jin ƙarar faɗuwarsa cikin taɓo. Mutane na yi masa dariya, ni kuwa tsoro nake ji, irin wanda wasunmu ke ji har yau.

Wata rana na ce, "Baffa, in hanyar nan ta gyaru, ba ɓarayin daji muka buɗe wa ƙofa ba?"

Ya share gumi ya ce, "Kai dai da fargaba! Su dutsena suke jira? Mai naƙuda ce ba ta iya tsallake rafi."

Daminar bara ruwa ya cinye kwalbatin babbar hanya, ranar da haihuwa ta zo wa matata da gardama. Ta burtalin nan mai a-kori-kura ya bi da mu asibiti. Ina baya ina ta salati, ina jin tayoyi suna hawa duwatsun Baffa. Ba mu kafe ba. Yarinyar da ta haifa yanzu har ta fara tafiya.

Abin ya daɗe yana damuna cewa ban taɓa ɗaukar wa Baffa dutse ko ɗaya ba. Jiya na kai bakwai.

Allah Ya auna masa kowane dutse a mizani, Ya tsallakar da shi Siraɗi lafiya kamar yadda ya tsallakar da mu.