Jimlar da ta raba Baba da amininsa

Shekarar da aka kafa ƙungiyar manoman ƙauyenmu ina koyarwa a firamare, don haka duk abin da ya shafi rubutun boko ni ake kira. Dattawa biyar ne shugabanni, amma kowa ya san mutum biyu ke riƙe da ita: mahaifina da amininsa, wanda muka tashi muna ce wa Kawu duk da ba mu haɗa jini ba. Tare suka yi karatun allo, tare suka yi fataucin gyaɗa zuwa Ɗanbatta.

Malamin gona ya ce ba za a yi mana rajista ba sai an rubuta manufar ƙungiya. Aka zauna a zauren Baba bayan la'asar. Ba a jima ba Kawu ya kawo jimla, Baba ya gyaɗa kai, na rubuta: "Kada ɗanmu ya bar gida don neman abin yi." Daga baya na sa fenti na rubuta ta a bangon ofis. Da ita ake buɗe kowane taro bayan addu'a, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi ɗan'uwansa me yake nufi da ita ba.

Shekaru suka shuɗe, birnin Kano na ta matsowa. Sai wani mai buga bulo ya nemi filin ƙungiya, inda matasa ke noma gero da gyaɗa, ya yi alkawarin ɗaukar 'yan gari aiki. Kawu ya zo wa Baba da maganar yana fara'a, shi a ganinsa albishir ya kawo. Ina zaune na ga fuskar Baba ta sauya.

A taron da aka kira, Baba ya ce shi tun ranar farko noma yake nufi, kuma ƙasar da ta sha siminti ba ta sake tsiro. Kawu ya ce 'ya'yansa uku suna Kano suna tuƙa adaidaita sahu, gero bai riƙe ko ɗaya ba, shi kuwa aiki ya ce, kowane iri. Kowannensu bangon yake nunawa. Can sai Baba ya juyo gare ni.

"Kai ka rubuta. Faɗa musu abin da muka ce."

Na dubi Kawu, shi ma ni yake jira. Na ce, "Baba, abin da kuka faɗa na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba."

Gaskiya na faɗa, amma Baba ya sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannu, dattawa uku suka bi Kawu. Baba ya sa takalminsa ya fita.

Ba su taɓa yin cacar baki ba. Suna gaisawa a masallaci, gaisuwar waɗanda suka haɗu a tasha. Kawu ya daina zuwa shan fura da azahar, Inna kuwa ta daɗe tana aiko da ludayi biyu zaure, ɗaya na komawa a bushe. Wata rana muna hanyar gona Baba ya ce mini ba filin ne ke damunsa ba, a'a, duk tsawon shekarun nan ya ɗauka hanya ɗaya suke bi shi da Kawu.

Da damina ta zagayo Baba ya kwanta ciwo, bai yi mako biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Kawu ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ranar sadakar uku ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko Baba ya ambace shi kafin ya cika. Bai ambace shi ba. Na ce masa Baba ya yafe wa kowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya jiƙansa, ya koma kan tabarma cikin masu zaman makoki.