Kwandalolin da aka ba Rakiya a gado

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Sabi'u makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, kuma har yau ban yarda an raba gadonsa ba. An dai zauna, an yi addu'a, an shafa, kowa ya kama gabansa. Ni ban kira wannan rabo ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban tasi ne, a bakin tashar bas ta cikin gari yake tsayawa. Matarsa ta riga shi tafiya, ta bar masa 'ya'ya biyu, Nura da ƙanwarsa Rakiya. Mutum ne marar kwaramniya, ko shayi sai an matsa masa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, wato kwandalolin tunawa da jihohi da gwamnatin ƙasar nan ta riƙa bugawa, kowace jiha da hotonta a bayan kwata, kwandalar nan ta rubu'in dala. Da fari abin ba ya cin masa komai. Cikin canjin fasinja yake tsintarsu, ya goge da gefen riga, ya maƙala a wani kwali mai taswirar Amurka. Ranar da ta North Carolina ta faɗo hannunsa, mai hoton ɗan jirgin sama, har gida ya zo ya nuna mini kamar an yi masa haihuwa.

Sai 'yan tallan talabijin suka shigo. Wani mai farar safar hannu zai ɗaga kwandala irin ta Yaya sak, amma ja wur tana walƙiya, yana cewa zinari, yana cewa saura kaɗan, ga agogo yana gudu a gefen allo. Sau ɗaya Yaya ya buga lambar. Daga ranar su suka koma kiransa. Mai kiran ya koyi faɗin Sabi'u daidai, abin da maƙwabtansa na shekaru ba su iya ba, har barka da Sallah yake yi masa. Kowane wata akwati ya iso da shimfiɗar ƙyalle mai laushi, kowane wata a zare kuɗi daga katinsa. Bayan harin jiragen sama da aka kai New York, lokacin da kowane Musulmi ke tafiya a ɗarare, suka tallata masa masu tuta da mikiya, ya saya don kada a ce ba ya ƙaunar ƙasar. Har zakka yake fitar wa kayan nan duk shekara. In na yi magana sai ya ce, “Talatu, na Rakiya ne. Motar nan gobe za ta mutu, wannan kuwa yana nan.”

Da ya rasu, aka kira Alhaji Bala, dattijon da ke raba mana gado a nan. Maza suka cika falo, mu muna kicin muna fama da tuwon baƙi. Suka ƙiyasta akwatunan a kan farashin da Yaya ya saye su. Tasi da abin da ke banki suka zama kashi biyu na Nura, akwatuna suka zama kashi ɗaya na Rakiya. Wani har da cewa ai mace zinari ya fi dacewa da ita. Duk yawansu ba a sami wanda ya ce a kai ko guda ɗaya a gwada ba. A can gida ƙasarmu, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma ba ta karɓar ɗan kunne sai maƙeri ya goga.

Bana aiki ya yi wuya, zinari ya yi tsada, ko'ina ka duba shago ne da allon sayen gwal. Masana'antar da Rakiya ke aiki ta sallame su, ta sami gurbi a makarantar koyon jinya, saura kuɗin makarantar. Muka ɗauki akwatuna muka tafi. Mai shagon ya goga ɗaya a dutse, ya ɗiga mata wani ruwa, jan ya gudu muna kallo. Ya ce kwata ce irin ta aljihun kowa, an wanke ta da ruwan zinarin da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, shi ba ya saye. A mota Rakiya ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Anti, Baba ya sani?” Na ce wallahi bai sani ba.

Masu tallan nan suna nan har gobe, jihohi sun ƙare sun koma kan shugabanni. Ni da furfura na fara riƙe fensir, amma yanzu ina kama ƙananan rubutun da ke wucewa a ƙasan allo. A can suke ɓoye gaskiyar, da gudu, don lauyansu ya sami abin nunawa. Su Allah ya isa kawai zan iya yi musu, ban san ƙofarsu ba. Namu kuwa na san ƙofar kowa.

Na je wurin Alhaji Bala. Ya ce, “Hajiya Talatu, abin da aka shafa wa fatiha ba a tono shi. Rabonta ke nan.” Na ce, “Alhaji, rabonta sulusin dukiyar ubanta ne, ba kwalin canji ba. A littafin da kuka buɗe ranar haka aka ce, ko an sake shi?” Ya hau gyaran hula. Nura kuwa, da tasin nan ya kafu, yanzu yana da gida a McLeansville. Amsarsa ita ce, “Anti, ai ba ni na yi rabon ba.” Da bakin nan nasa ya roƙe ni in zo in dafa ragon da zai yanka don addu'ar cikar mahaifinsu shekara biyar.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai yi in ya ga wannan. Na san shi. Kunya za ta sa ya shige ɗaki ya rufe. Amma rana ba za ta faɗi ba sai ya sa wa motar nan takardar sayarwa, ya kai yarinyar makaranta da ƙafarsa.

Abin da ya rage na Yaya shi ne niyyarsa, kuma ita ba jabu ba ce. Shi cutarsa aka yi. Mu kuwa yanzu mun sani, kuma wanda ya sani ya yi shiru ba shi da uzurin mamaci. Na faɗa wa Nura, ina kuma maimaitawa a nan don waɗanda aka gayyata su ji: tukunyata ba za ta hau wuta ba sai an sake zama an ba Rakiya haƙƙinta kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Ubansa ba rago yake jira ba. Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya hana mu cin abin marainiya da sunan yi masa addu'a.