Ƙullin Ludwina

Ludwina Baert tana da shekara goma sha bakwai ta fara ɗinka wa jiragen sama fukafukai. Jirgin wancan zamani katako ne da yadin lilin, lilin kuwa a garinsu ake saƙa shi, a bakin kogin Leie. Ɗinkin yana da ƙa'ida: duk inda allura ta ratsa sai an ƙulle zaren kafin a wuce, don ko ɗaya ya tsinke sauran su riƙe. Ita ta ɗinka fukafukan jirgin Odile, matuƙiyar da ta faɗo a gonar dankali a 1912 ta mutu. Kowa a rumfar jiragen ya san inji ne ya tsaya a sama. Makaniki ya gargaɗi Odile da safe, ta yi kunnen uwar shegu.

Bayan shekara hamsin sai ga wata marubuciya daga Brussels tana neman labarin Odile, da takalmanta masu tsini. Kwana uku tana zarya, tana shanye wa tsohuwa kofi, tana "Iya, ƙara ba ni labari." Ludwina ta saki baki, don ba a taɓa tambayarta ba. Har lanƙwasasshiyar allurarta ta ɗauko, ta nuna mata ƙullin a jikin tsumman kicin.

Littafin ya fito, kuma ya yi daɗi, abin takaicin ke nan. Ludwina ta ga Odile a cikinsa kamar tana raye, da dariyarta da taurin kanta, har ta yi hawaye. Sai a babin ƙarshe wata maɗinkiya 'yar ƙauye, da hankalinta ya tafi wajen saurayi, ta tsallake ƙulli uku, fiffike ya yage a sama. Ba a ambaci suna ba. Ina amfanin suna, alhali maɗinkiya ɗaya ce a rumfar, kuma makanikin ya daɗe a kabari?

A shagon burodi matar mai shagon ta ce, "Ashe ke ce, Ludwina? Kina da zurfin ciki. Wane ne saurayin?" Aka yi dariya.

Ludwina ta rubuta wa marubuciyar wasiƙa. Amsar ta zo a layi biyu: "Iya, ƙagaggen labari ne, kar ki sa a ranki. Injin da ya tsaya ba ya sa mai karatu kuka."

Ludwina ba ta ƙara bi ta kan zancen ba. Ta koma kan rigar auren jikarta Rika, wadda ta karanta littafin sau biyu. Wata uku tana ɗinki da idon da ya fara gajiya. Ranar gwaji Rika ta rungume ta, ta ce rigar ta fi ta shago. Sannan ta juya baya, ta kama hannun rigar, ta ɗan ja ɗinkin da yatsu biyu, a zatonta kakarta ba ta gani.