Ƙuri'u Huɗu na Yayana

Yayana injiniyan ruwa ne. Ya shafe shekaru yana yawo da motar haƙa a ƙauyukan Damagaram, daga Gouna har Garagumsa, kuma inda ya nuna ya ce a haƙa, da wuya a tashi ba ruwa. A ƙasar da mace ke wuni a layin pampo da bidonta na ɗiban ruwa, mutum irinsa ba ya rasa masu gaisuwa. Ni ce autar gidanmu, malamar lakkwal ce, yara nake koyarwa, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba har na gama karatu. Na faɗi haka tun da wuri don kada a ce ban san alherinsa ba.

Mutanen ƙauye ne suka fara sa masa abin a rai. Wata Juma'a dattawa suka zo gidanmu a Birni, suka cika zaure, da rago da buhun gyaɗa. Babbansu ya ce, «Injiniya, ka ba mu ruwa muna zaune. Ka je majalisa mana ka zama depite, mu naka ne har kabari.» Ina bayan ƙofa na ga yadda fuskarsa ta saki. Tun ranar bai ƙara zama mutumin da na sani ba.

A wurinmu parti ake dangwala wa, ba mutum ba, ita kuma ta jera sunayen mutanenta a takarda. In ta ci kujera uku, ukun farko su ne za su tafi majalisa a Yamai. Wata babbar parti ta ɗauke shi ta sa shi na shida, ta ce masa wuri ne mai kyau. Ni na riƙe masa ɓangaren mata, don haka na bi shi ƙauyuka da yawa, kuma na ga komai da idona.

Yaya bai iya magana da jama'a ba. Sauran ƴan takara suna zuwa da makaɗa da sukari da sabulu, shi kuwa sai ya zo da taswira. Ya shimfiɗa ta a jikin mota yana nuna inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin ƙasa da zurfin da za a yi kafin a same shi. Mutane su yi ta hamma, mata su sulale ɗaya bayan ɗaya su koma ga dakansu. Na ce masa, «Yaya, ko sabulu guda-guda ne a raba.» Ya ce, «Ni ba na sayen mutum, Malama. Aikina ya ishe ni shaida.»

A wani ƙauye na Garagumsa, inda shi da kansa ya haƙa musu rijiyar pampo, ya gama bayaninsa ya tsaya yana jiran tafi. Sai wani tsoho ya miƙe. Na gane shi, yana cikin waɗanda suka kawo ragon. Ya ce, «Injiniya, rijiya dai ka riga ka gina, ba ka iya ɗauke ta ka tafi da ita. Yanzu me ka kawo mana?» Wurin ya fashe da dariya. Yaya ya naɗe taswirarsa a hankali. Muka shiga mota muka koma gari.

Partin ta ci kujera biyar. Shi ne na shida. Kafin mako ya zagayo samarin unguwa sun raɗa masa suna, Depite Saura-Ƙiris. In ya wuce fadarsu suna shan shayi sai su miƙe tsaye su sara masa kamar sojoji. Abin da ya fi ci mini rai, da farko bai gane ba'a ce ba. Yana ɗaga musu hannu.

Da zaɓe ya sake zagayowa, manyan partin suka yi masa alkawarin na biyu. Ya je Yamai ya dawo yana murna. Ranar da takarda ta fito, sunansa na tara, ƙarƙashin ɗan wani attajiri da bai taɓa kwana a ƙauye ba. Kowa ya ce ya janye. Ya ce in ya janye za a ce don kujera yake yi. Haka ya ci gaba da yi wa wasu yaƙi da man motarsa da lafiyar jikinsa, ƴan adawa kuma suka baza cewa pampon da ya lalace a Gouna shi ya sace rabin bututun. Ƙarya ce, roba ce ta cinye, amma matan da na sha fura a ɗakunansu suka daina amsa mini sallama.

A wannan karon ne aka taɓa Iya. Mahaifiyarmu ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Wasu matan maƙwabta suka kawo mata turmin atamfa, suka ce na ɗanta ne, hotonsa ne a jiki, ta ɗaura ta je suna a ƙarshen lungu don mutane su ga uwar depite. Ta yi ta sa musu albarka. Ina dawowa daga lakkwal na biya gidan sunan, na tarar da ita zaune a tsakiyar mata, fuskar babban abokin hamayyarsa a ƙirjinta da gwiwoyinta da bayanta. Tana shafa zanen tana cewa, «Kun ga ɗana? An ce ya yi kyau.» Mata suna toshe baki da mayafi, wasu har da hawaye don dariya. Babu wadda ta ji tausayinta ta raɗa mata a kunne.

Na kamo hannunta muka fito. Labari ya riga mu isa gida. Yaya yana tsaye a tsakar gida, idonsa jajir. Na ɗauka maƙwabtan zai je ya samu, amma a kan Iya ya sauke. Ya ce, «Iya, har da ke? Ba ki gani, ba ki kuma iya tambaya? Sai kin kai ni kasuwa kin tsiraita ni?» Ta ce, «Me na yi, ɗan nan?» Ya sa matarsa ta kwance mata zanen ta ɗaura mata wani, ya zuba wa mai hoton kananzir ya cinna wuta a gabanta. Iya tana jin ƙaurin hayaƙi tana tambayata, «Auta, wa ya gani?» Na ce, «Kowa, Iya.» Daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar gida ba, ko biki ko gaisuwar mutuwa. Ta rasu da damina ta biyu bayan haka. Yaya ya yi kuka ƙwarai a wurin zaman makoki, ni kuwa ina kallonsa idona a bushe.

Wancan zaɓen ma ya faɗi, ba wanda ya yi mamaki.

Na ɗauka ya haƙura. Sai ga shi ya ajiye aikin gwamnati ya shiga wata ƴar ƙaramar parti mai alamar guga, wadda ta yarda ta sa shi na ɗaya tunda ba mai son wurin. Ya rame, gashinsa ya yi fari, ba ya zancen komai sai zaɓe. Taronsa na ƙarshe a Birni kujeru sun fi mutane yawa, rabin mutanen ma inuwar rumfa suka zo sha. Matarsa, ƴar Gouna ce mai haƙuri, ita ke dafa wa masu raka shi abinci da hannunta, ita ke wanke manyan rigunansa ta goge. Wanta kuwa jigo ne a babbar partin da Yaya ya bari, kuma wannan ya tsaya masa a rai.

Ranar zaɓe a lakkwal ɗinmu aka kafa biro, wurin jefa ƙuri'a, a ajin da nake koyarwa. Na shiga bayan labule da takardar a hannuna. Na ga gugan a ƙasan shafi. Na daɗe ina kallonsa. Na tuna Iya tana shafa zanen nan. Na tuna iyayen yara da ke kirana ƙanwar Saura-Ƙiris a bakin ƙofar aji. Na ce a raina, bari ya faɗi faɗuwar da ba zai ƙara tashi ba, kowa ya huta. Na tsoma yatsa a tawada na dangwala wa partin mutumin da ke jikin zanen. Ban yi kuskure ba, da gangan na yi. Na fito na tarar da Yaya a bakin ƙofa, na nuna masa yatsana, ya yi murmushi.

Washegari da hantsi aka ga sakamakon biron manne a ƙofar ajin. Guga ya samu ƙuri'a huɗu. Gidanmu kaɗai mutum goma sha ɗaya ne masu katin zaɓe, kuma duk unguwa ta san haka. Kafin Yaya ya dawo gida samari sun fara tambayar juna da ƙarfi, «Su wa suka ci amana a gidan Depite?»

Ya tara mu a zaure, ƙannensa maza da matansu, ƴaƴansa biyu da suka isa zaɓe, matarsa, da ni. Ya riƙa bin mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce wallahi ya yi masa. Ni kuwa ina shirya ƙaryar da zan faɗa. Da ya iso kaina sai ya ce, «Malama, ke ba sai na tambaye ki ba.» Ya wuce.

Ya tsaya a gaban matarsa. Ya ɗaga yatsu huɗu yana lanƙwasa su. «Ni, ɗaya. Malama, biyu. Yarana, uku da huɗu. Ke ina taki?»

Ta ce, «Alhaji, wallahi na dangwala maka. Gugan na nema, a ƙasa yake.»

«Wanki ya hana ki.»

«Ban gan shi ba tun salla.»

«Shekara nawa kina cin tuwona kina kai musu labarina?»

Ta juyo ta kalle mu, tana neman mai cewa wani abu. Ƙannensa suka sunkuyar da kai, su ma sun san abin da suka aikata. Idonta ya tsaya a kaina. Kalma ɗaya ta ishe ni in cece ta. Na duba tabarma na yi shiru. Kafin azahar ya rubuta mata takardar saki. Shekara ashirin da shida suna tare. Ni na taya ta ɗaure kwanukanta, har ina ce mata ta yi haƙuri, zai huce.

Bai huce ba. Yaran suka bi uwarsu, daga baya suka tafi neman aiki, ba su cika waiwayarsa ba. Ƙannen suka ja katanga suka raba gidan.

Bara na haɗu da ita a kasuwa, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ta kawo daga Gouna. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Muka gaisa, ta tambayi lafiyarsa. Sannan ta ce, tana zuba mai a kwalba ba ta ko ɗago kai ba, «Malama, na daɗe ina lissafin nan. Shi da ni, biyu. Yarana na sa su sun rantse, huɗu ke nan. Ke a ina kika tsaya?»

Na ce rana ta yi zafi yau. Na sayi kwalba biyu da ba na bukata. Da ta miƙo mini sai ta riƙe hannuna ta ce, «Kada ki faɗa masa. Ba don ke ba. Ke kaɗai kika rage masa.»

Yanzu yana zaune shi kaɗai a ɓangarensa, ƙafa ɗaya ta ƙi shi, ba ya fita sai masallaci. Kullum da na tashi daga lakkwal nake kai masa abinci. In akwai baƙo a zaure, wani tsohon abokin aiki ko mai neman shawara a kan pampon da ya tsaya, sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, «Kun ga wannan? Duk duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa cin amanata ba.» Baƙon ya ce Allah ya yi albarka. Ni kuma in ce amin, in buɗe masa kwano, in zauna a gefe har ya gama ci.