Amfilin Iliya da Ƙwan Fitilarsa

Damina bakwai ke nan da muka binne Iliya a Tasawa. Shi ɗan majami'a ne, ni ɗan masallaci, amma rumfarsa ta gyaran rediyo ita ce majalisarmu. Abin da ya bar mini shi ne amfili, na'urar ƙara murya da ya haɗa da hannunsa cikin akwatin katako, mai kwalaben gilashi huɗu da muke kira lamp. Taransifon ciki mai daidaita ƙarfin wuta ma shi ya naɗa wayarsa, kuma babu mai iya naɗa irinsa a garin nan yanzu.

Duk sanda ya gama gyara, sai ya tura ni gindin gawon da ke bayan fili, ya kama makirfo: "Garba, ka ji ni?" Ni kuma in ɗaga hannu.

Bana na kakkaɓe ƙurar akwatin na jona. Fizibil, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ƙone. Na sa wani, shi ma tas! Raina ya ɓaci, har na yanko waya zan ɗaure wurin kamar yadda kowa ke yi. Wallahi sai na ji kamar yana yi mini tsawa: "Kai dai Garba akwai gaggawa! Fizibil ba ya ƙarya, wani abu ke shan wuta fiye da ƙima." Da na ɗaure, da taransifon ya tafi, da shi ke nan.

Sai na bi hanyarsa. Yakan ratsa ƙwan fitila tsakanin wutar bango da amfili. In ƙwan ya haske ƙal, akwai cuta a ciki. In ya dushe, lafiya. Da na ratsa ƙwan, sai ya haske ƙal. Na dinga zare lamp ɗaya bayan ɗaya, a ta uku ya dushe. Ashe wani ɗan kondansater mai tace wuta ne a gindinta ya tsufa, yana zuba mata wutar da ba tata ba, har cikinta ya yi ja kamar garwashi. Kwana huɗu na yi a kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Da Iliya zai leƙo yau, me zai ce? Majami'arsu ta sayi lasifika mai caji wadda ake jonawa da waya, in ta mutu a yar. Na san zai yi tsaki, sannan ya kwance ta ya ga cikinta, don shi bai iya barin abu a rufe ba. Ni ban iya komai ba sai abin da na gani a hannunsa, kuma wannan haƙurin nasa shi ya cece ni daga ɓarna.

Da na sauya kondansater, lamp huɗun suka ɗumama, lasifika ta yi ɗan gurnaninta na da. Sai a lokacin na tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwajin nan na mutum biyu ne. Kewarsa ta kama ni sosai. Duk da haka na ɗauki makirfo, na fuskanci gawon.

"Iliya, ka ji ni?"

Muryar ta kai har can, tangaram. Na daɗe ina duban gindin itacen.